Filtar Iskar Mota: Ta Wankewa ko Ta Yarwa?

Ranar sabis, hankalin mai mota yakan tafi kan baƙin mai da filtarsa da fulogi. Filtar iska kuwa, yaron bakanike ne zai ciro ta, ya buga ta a jikin taya, ya ruga wurin mai faci a hure, a mayar. Ga shi kuma babu abin da inji ke haɗiya da yawa kamar iska. Kafin injin fetur ya ƙone mai kilo 1 yadda ya kamata, sai ya zuƙi iska kilo 14.7. Idan aka mayar da lissafin zuwa lita, kowace lita ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000. Tanki mai cin lita 50 kenan sai da iska wajen lita 450,000, kuma dukkanta ta cikin wannan 'yar filtar take wucewa.

Iskar da motocinmu ke shaƙa ba irin ta ƙasashen da aka ƙera su ba ce. Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu yana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ya baza ta a kan Damagaram da Maiduguri da Kano har zuwa bakin teku. Ga ƙurar hanyar burji da ba ta da lokaci, ga ta bayan tirela. A cikin wannan ƙura akwai ɓarɓashin yashi mai laushi kamar hoda, wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. Idan ya samu shiga, sai ya cakuɗe da baƙin mai ya riƙa cin ring da bangon silinda a hankali. Ba a ganin ɓarnar a wata guda. Sai an jima mota ta fara shan baƙin mai, ƙarfinta ya ragu, salansa ta fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, bakanike ya ce sai an sauke inji.

Don haka tambayar farko da za a yi wa kowace filta ita ce ƙura nawa take tarewa. Sauran tambayoyin, na ƙarfi da na kuɗi, suna bayan wannan.

Ire-iren da ke kasuwa

Filtar takarda ita ce wadda kusan kowace mota ke fitowa da ita daga kamfani. Takarda ce ta musamman da aka jiƙa da ƙaro don ta yi tauri, aka nannaɗe ta ninki-ninki domin shimfiɗa mai faɗi ta shige ƙaramin gida, aka zagaye bakinta da roba. Wasu kamfanonin suna yin ta da zaren roba mai kama da audugar katifa. Ƙofofinta ƙanana ne ƙwarai. Idan ta cika, a jefar a sa sabuwa.

Filtar auduga mai mai ita ce aka fi sani cikin masu wankuwa. Ƙyallen auduga ne mai shara-shara, shimfiɗa huɗu ko fiye, a tsakanin ragar waya, an shafe shi da wani mai na musamman, galibi ja. Ƙofofinta sun fi na takarda faɗi, saboda haka man ne ke yin rabin aikin: ƙura ta zo wucewa ta manne. Kamfanin K&N ne ya yi suna da ita. Ken Johnson da Norm McDonald, masu harkar babura a Kalifoniya ta Amurka, su suka fito da ita a ƙarshen shekarun 1960 domin baburan tsere da ke gudu a cikin ƙura, inda filtar takarda kan toshe tun ba a gama tsere ba. Sai dai injin tsere ana kwance shi a kai a kai, ba kamar motar gida da ake so ta shekara goma ba a buɗe mata inji ba.

Akwai kuma filtar soso, wadda ita ma ake shafa wa mai, an fi ganinta a babura da janareto. Akwai busasshiya mai wankuwa, ta zaren roba, wadda ba ta bukatar mai ko kaɗan, kamar Dryflow ta kamfanin AEM. Tsofaffin kanikawa za su tuna da wata ta daban, mai kwanon baƙin mai a ƙasa, irin ta tsofaffin Land Rover da Volkswagen Beetle da taraktoci, wadda ake zubar da man a wanke kwanon a zuba sabo. Ita ce kakar masu wankuwa, kuma filtar takarda ce ta kore ta daga ƙananan motoci saboda ta fi ta tacewa da sauƙin sha'ani.

Kada a haɗa duk waɗannan da filtar esi, wadda ke bayan akwatin gaban fasinja. Waccan huhun mutanen cikin mota take karewa, ba ruwanta da inji.

Wace ce ta fi tare ƙura?

Masu ƙera filta suna gwada ta bisa wani ma'auni na duniya da ake kira ISO 5011. Ana auna ƙura ta musamman a hura mata, sannan a auna abin da ya tsallake. A irin wannan gwaji, filtar takarda mai kyau takan tare kashi 99 cikin 100 ko fiye. Ta auduga takan biyo baya, musamman wajen ƙura mai laushi, kuma musamman idan an gama wanke ta kenan.

Bambancin kashi ɗaya yana kama da ba komai ba, amma a duba ta ɓangaren abin da ya wuce. Filtar da ta tare kashi 99 ta bar kashi 1 ya shiga inji. Wadda ta tare kashi 98 ta bar kashi 2, wato ninki biyu. Mai tuƙi a garin da ake ruwa duk shekara ba lallai ya ga illar wannan ba, domin ƙurar da ke iskarsa ba ta da yawa tun farko. Mai bin hanyar Nguru ko ta Agadas a watan Janairu lissafinsa daban.

Abin kamar rariya ne da ƙyallen tace koko. Rariya ta fi sauri, ƙyalle ya fi tacewa, kuma da wuya a samu abu ɗaya da ya fi kowa a duka biyun.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne filta mai ɗan datti ta fi sabuwa fil tacewa. Ƙurar farko da ta kwanta a kanta tana rage faɗin ƙofofin, ta zama wata shimfiɗa ta tacewa. Saboda haka yawan cirewa da kakkaɓewa da wankewa ba gata ba ne. Duk lokacin da aka buɗe gidan filta ma, ana ba ƙura damar faɗawa cikin tiyo.

Zancen ƙarfi da shan mai

Masu sayar da filtar auduga sukan ce tana ƙara wa mota ƙarfi tana rage shan mai. Akwai gaskiya a rabin farko, amma 'yar kaɗan. Iska ta fi wucewa cikin sauƙi ta cikinta, sai dai a tuƙin yau da kullum ba filta ce ke takure iska ba, murfin totur ne, wanda a rufe yake rabi da rabi muddin ba ka take shi har ƙasa ba. Sai inji yana kan iyakar gudunsa ne bambancin ke fitowa, kuma ko a nan bai wuce ɗan abin da na'urar gwaji ce kawai za ta gani ba. Abin da direba yakan ji ya ɗauka ƙarfi ne, sau da yawa ƙarar zuƙar iska ce ta ƙaru.

Batun mai kuwa ya danganta da irin motar. Mota mai injekta tana da kwamfuta da ke auna iskar da ta shigo, ta ba da fetur daidai da ita. Iska ta ragu, fetur ya ragu. A shekarar 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge ta gwamnatin Amurka ta gwada motoci da filtar da aka toshe da gangan. A motoci masu injekta shan mai bai canja wani abin kirki ba, abin da ya ragu shi ne saurin tashi. A tsohuwar mota mai kafireta ce shan mai ya ƙaru. Idan har toshasshiyar filta ba ta ƙara wa mota mai injekta shan mai ba, to mai sakin iska ma ba za ta rage mata ba. Mai tsohuwar Peugeot 504 ko wata mai kafireta shi ne ya kamata ya fi damuwa da toshewa, kuma maganinsa canji a kan lokaci.

Akwai samarin da ke cire gidan filta gaba ɗaya su ɗaura wata mai siffar mazurari a buɗe cikin bonet saboda rurin da take sa mota. Wannan tana zuƙar iskar da injin ya riga ya dumama, kuma iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi, don haka ƙarfi kan ragu maimakon ya ƙaru. Ga ƙura kai tsaye, ga ruwa da damina.

Sensa da man filta

Yawancin motocin da ke shigowa yanzu, kamar Corolla da Camry, suna da wata sensa a jikin tiyo, dab da bayan gidan filta. A cikinta akwai siririyar waya da lantarki ke dumamawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka kwamfuta ke gane yawan iskar. Idan aka cika wa filtar auduga mai, iska takan ɗebi ɗigonsa ta shafa wa wayar, ƙura ta manne a kai. Daga nan sai awo ya rikice: mota ta riƙa shaƙewa wajen tashi, tana rawa idan an tsaya, fitilar inji ta kama a dashbod. Masu ƙera filtar suna cewa idan an sa man daidai gwargwado hakan ba ya faruwa. Matsalar ita ce gwargwadon, domin a gareji an fi yarda da cewa gara ya yi yawa da ya yi kaɗan.

Lissafin kuɗi

Farashi yana sauyawa da canjin dala, don haka a yi lissafin da ninki. A ƙaddara filtar auduga ta asali ta ninka ta takarda mai kyau sau huɗu, kayan wankinta, wato ruwan wanki da man, sun kai kuɗin ta takarda guda. Kenan sai ka tsallake canji biyar kafin ka fara cin riba. Idan kana canja ta takarda duk kilomita 15,000, ribar tana farawa ne bayan kilomita 75,000. Ma'aikacin da ke yin kilomita 15,000 a shekara sai ya shekara 5, wataƙila ma ya sayar da motar kafin nan. Direban haya mai zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja, tafiyar sama da kilomita 400, zai cinye wannan nisa cikin ƙasa da shekara.

Ka tambayi farashin ranar ka sa a wannan ma'auni. Ka kuma tambayi inda za ka samu man filtar idan na hannunka ya ƙare, domin ba kowane shago ke ajiye shi ba. Filtar wankewa da babu manta ta zama kaya.

K&N sun taɓa cewa filtarsu tana iya kai mil 50,000, wato kusan kilomita 80,000, kafin wanki, amma sun ɗaure maganar da tuƙin babbar hanya a yanayi na yau da kullum. Haka littafin mota yakan ba filtar takarda wa'adi mai tsawo, sannan ya ware wani jadawali na daban ga masu tuƙi a cikin ƙura. Wannan na biyun shi ne namu.

Wa ya dace da wacce?

Filtar takarda ta fi dacewa da kai idan kana bin hanyar burji ko ta ƙauye, idan wani ne ke kai maka mota gareji, idan motar tana da turbo ko injin dizal na zamani da ƙura ke saurin yi wa illa, ko kuma sabuwa ce da ke ƙarƙashin garantin kamfani. Mafi yawan masu mota a ƙasar Hausa suna cikin wannan sahu.

Ta wankewa tana da amfani ga wanda ke cin dogon zango a kan kwalta, zai riƙe motar shekaru, yana da kayan wankin, kuma shi da kansa zai yi aikin ko ya tsaya a kai. Tana kuma taimakon mai motar da filtarta ke wuyar samu a kasuwa. Wanda ke son wankewa amma yana tsoron sensa, ya nemi busasshiyar da ba ta bukatar mai.

Idan ka san ƙarshenta filtar wankewa a hannun yaron gareji za ta faɗa, ya wanke da fetur ya shafa mata baƙin mai, to da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kula da filtar takarda

Ka duba ta duk lokacin canjin baƙin mai, da hunturu kuma ka ƙara dubawa a tsakani. Ka ɗaga ta saitin rana ko ka haska tocila ta bayanta. Idan haske yana ratsa ninkin ko'ina daidai, da sauranta, ko da ta yi launin ƙasa. Idan ya dushe, ta cika. Idan kuma ka ga wani ɗigon haske mai kaifi kamar an soka allura, ta huje, kuma hujajjiyar filta ta fi toshasshiya haɗari.

Bakanike zai ce, “Alhaji, a hure ta kawai, ai da sauranta.” Iskar kwampiresar mai faci tana da ƙarfin da ke yaga zaren takarda ta bar ƙofofin da ido ba ya gani. Filtar za ta fito fes, amma ta daina tacewa. Idan dole ta kama a hanya, a ɗan bubbuga ta a tafin hannu, gefen dattin yana kallon ƙasa, a mayar har a isa inda za a sayi sabuwa. Kada a sa mata ruwa, sai idan an rubuta a jikinta cewa ana wankewa. Wadda ta jiƙe da ruwan sama ko ta sha baƙin mai, a canja ta.

Masu Hilux da Land Cruiser su lura da ƙasan gidan filta. Wasunsu suna da ɗan kofi ko bakin roba inda ƙura mai nauyi ke taruwa kafin ta kai ga filta. Zubar da shi a kai a kai yana ƙara wa filtar kwana.

Yadda ake wanke ta auduga

A zaɓi ranar da motar za ta wuni a ajiye, ko a tanadi ta takarda da za a sa kafin waccan ta bushe.

1. A ciro ta, a toshe bakin tiyo da tsumma mai tsabta, a kakkaɓe ƙurar sama a hankali.
2. A fesa ruwan wankinta gaba da baya, a bar shi kamar minti 10, amma kada ya bushe a jiki.
3. A ɗauraye da ruwan sanyi marar ƙarfi, daga gefen da ke kallon inji zuwa gefen datti, domin ƙurar ta fita ta inda ta shigo. Ban da injin feshin masu wankin mota.
4. A girgije ruwan a ajiye ta ta bushe da kanta. Ban da kwampiresa, ban da wuta, ban da ɗorawa a kan inji mai zafi, domin auduga tana tsukewa.
5. Idan ta bushe ƙayau, a bi kan kowane ninki da man sau ɗaya, a jira kamar minti 20 ya ratsa.
6. Inda ya rage fari a ɗan ƙara. Idan launin ja ya daidaita ko'ina, a tsaya. Idan tana ɗiga, ya yi yawa, a bar ta a kan tsumma ta tsane.

Fetur da kananzir da omo mai ƙarfi suna lalata audugar da robar bakin. Baƙin mai da man gyaɗa ba sa maye gurbin man filta.

Saye da ɗaurawa

A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Apo ta Abuja, za a ajiye maka filta kala uku a kan kanta, duk da suna iri ɗaya a kwali. Sunaye irin su Denso da Mann da Mahle da Bosch da Purflux sanannu ne, shi ya sa ma ake kwaikwayonsu. Ka je da tsohuwar filtarka ko lambarta. Ka gwada tsawo da faɗi da kauri. Ka ƙirga ninkin, domin jabu takan rage su don a rage takarda. Ka matsa robar baki da yatsa: ta kirki tana lotsawa ta dawo, ta banza tauri gare ta kamar leda ko ta riƙa marmashewa. Ka duba inda takarda ta haɗu da roba ko akwai gurbin da gam bai kama ba. Filtar auduga da aka sayar maka a kuɗin ta takarda, ka san ba ta asali ba ce.

Wajen ɗaurawa, a share cikin gidan da tsumma mai ɗan danshi, a zaunar da filtar robarta ta kwanta ko'ina, a rufe murfi ba tare da dannawa da ƙarfi ba, a maƙala kowane kilif. Motoci 'yan Kwatano da yawa suna yawo da kilif ɗaya a karye ko murfi a ɗaure da waya. A bi tiyon da ke tafiya zuwa inji a lanƙwasa shi a duba tsaga a cikin ninkinsa. Iskar da ta shiga ta tsaga ko ta gefen murfi ba ta bi ta kowace filta ba, komai tsadarta.

Ko wacce ka zaɓa, akwai gwajin da zai gaya maka gaskiya a kan motarka da hanyarka. Bayan wata ɗaya ko biyu na hunturu, ka buɗe gidan filta, ka sa farin tsumma ka shafi cikin murfi da cikin tiyo ta ɓangaren inji, ba tare da ka taɓa sensa ba. Ya kamata tsumman ya fito kusan fari. Idan ya fito da hoda mai launin ƙasa, ƙura tana wucewa: a fara binciken roba da kilif da tiyo. Idan duk lafiyarsu lau, filtar ce ba ta iya ƙurar hanyarka ba, sai a canja iri kafin sabis na gaba.